Haɗarin Manhajojin Duba Rubutu na Kyauta ga Sirrin Bayanan Bincike: Misali Daga Yankin Morai

Tsakure

Manhajojin duba rubutu na kyauta sun zama abokan aikin ɗalibai da malaman Hausa, wasu da saninsu wasu kuma ba da saninsu ba, domin a cikin burauza da allon madannan waya suke zuwa. Wannan maƙala ta bayyana yadda manhajojin suke aiki, ta kuma rarrabe waɗanda suke kammala aikinsu a cikin na'ura da waɗanda suke tura rubutu zuwa rumbun kamfani. An kawo abubuwan da suka faru daga 2016 zuwa 2024 waɗanda suka tabbatar da cewa rubutun da aka tura yana iya faɗawa hannun da bai dace ba. An ɗauki yankin Morai na jihar Zamfara a matsayin misali, saboda bayyanar sunan wanda aka yi hira da shi a can tana iya zama sanadin rasa rai. Maƙalar ta nuna cewa mai rubutun Hausa yana ɗaukar haɗarin gaba ɗayansa, alhali amfanin da yake samu kaɗan ne.

Fitilun Kalmomi: duba rubutu, sirri, manhaja, Morai, Zamfarci

1.0 Gabatarwa

Tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer ya tsara a 1912, zuwa aikin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, daidaita rubutun Hausa aiki ne na mutane. Malami ne yake duba kundin ɗalibinsa da jan biro, edita ne yake tace maƙala kafin ta shiga mujalla. A irin wannan tsari an san wanda ya karanta rubutu, an kuma san inda takardar ta kwana.

A yau wani mai karatu ya shiga tsakani. Duk wanda ya buɗe kwamfuta ko waya ya fara rubutu zai ga jan layi a ƙarƙashin wasu kalmomi, ko ya ga an kawo masa kalmar da ake hasashen ita zai rubuta. Kafin manhaja ta ja wannan layi, sai ta karanta abin da aka rubuta. Tambayar da ta kamata masu nazarin Hausa su yi ita ce: a ina ake yin wannan karatu, kuma mene ne yake saura bayan an gama shi? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba da manhaja kyauta yana biyan ma'aikata da kuɗin lantarki, don haka akwai hanyar da yake mayar da kuɗinsa, ko ta sayar da nau'in manhajar mai tsada, ko ta talla, ko ta amfani da rubutun jama'a wajen inganta kayansa.

2.0 Yadda Manhajar Duba Rubutu Take Aiki

Manhajojin duba rubutu sun kasu gida biyu dangane da wurin da aikin yake gudana.

Kashi na farko shi ne wanda yake aiki a cikin na'ura. Fitaccen misali shi ne Hunspell, wanda László Németh ɗan ƙasar Hangari ya samar, kuma da shi LibreOffice da Firefox suke amfani. Hunspell yana dogara ne da fayil biyu: ɗaya jerin kalmomi ne, ɗayan kuma dokokin ɗafi ne da suke nuna irin ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeyar da kowace kalma take karɓa. Idan aka rubuta kalma, manhajar za ta neme ta a jerin. In ba ta samu ba sai ta ja mata layi. Ko da intanet ko babu, aikin ɗaya ne, kuma rubutun ba ya fita daga na'urar.

Kashi na biyu shi ne wanda yake tura rubutu ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani, a duba shi a can, a dawo da gyara. Grammarly a nan take. Wannan kashi ya fi na farko ƙwarewa a Ingilishi, domin yana duba jimla dungurungum, amma sharaɗinsa shi ne kamfanin ya ga jimlar. Burauzar Chrome ta haɗa nau'o'in biyu: akwai duba rubutu na asali wanda yake aiki a cikin na'ura, akwai kuma ingantacce wanda yake tura abin da aka rubuta zuwa Google, kuma sai mai na'ura ya kunna shi da kansa. Burauzar Edge ma tana da Microsoft Editor mai irin wannan aiki.

Allon madannan waya shi ma manhajar duba rubutu ne, domin yana gyara kalma yana kuma hasashen ta gaba. Shi ya fi kowa ganin sirri, tunda ta kansa kowane harafi yake bi. Wannan ne ya sa wayar Android take gargaɗin mai ita, a duk lokacin da zai kunna sabon allon madannai, cewa allon yana iya tattara duk abin da aka rubuta, har da kalmar sirri da lambar katin banki.

3.0 Abubuwan da Suka Riga Suka Faru

A watan Yulin 2016, wasu masu amfani da allon SwiftKey suka fara ganin adireshin imel na mutanen da ba su sani ba a cikin kalmomin da allon yake hasaso musu. Matsalar ta fito ne daga tsarin da yake adana kalmomin da allon ya koya a rumbun kamfani, wanda ya cakuɗa na wani da na wani. Kamfanin ya dakatar da tsarin na ɗan lokaci.

A watan Disambar 2017, masu binciken tsaro na Kromtech suka gano rumbun bayanan allon ai.type a buɗe a intanet ba tare da kalmar sirri ba. Bayanan mutane fiye da miliyan 31 ne a ciki, waɗanda suka haɗa da sunaye da lambobin waya da wurin da mutum yake, har da sunayen da ke cikin wayoyin wasu. Rahotanni sun nuna cewa nau'in kyauta na allon ya fi na kuɗi kwasar bayanai.

A watan Fabrairun 2018, Tavis Ormandy na sashen Project Zero na Google ya gano wata kafa a manhajar Grammarly da ake liƙa wa burauza, wadda a lokacin take da masu amfani kimanin miliyan 22. Kafar tana ba duk shafin da mutum ya ziyarta damar ɗaukar mabuɗin shiga asusunsa, ya kai ga takardun da ya adana a can. Kamfanin ya toshe ta cikin 'yan sa'o'i, ya kuma ce bai ga alamar an yi amfani da ita ba.

A watan Satumbar 2022, kamfanin tsaro na otto-js ya nuna cewa ingantaccen duba rubutu na Chrome da Microsoft Editor na Edge suna tura abin da aka cike a gurbin fom, kamar suna da adireshin imel da ranar haihuwa. A wasu shafuka, idan mutum ya latsa alamar da take bayyana kalmar sirri don ya ga abin da ya rubuta, ita ma kalmar sai ta tafi. Google ya amsa da cewa ba ya danganta rubutun da kowane mutum, kuma na ɗan lokaci yake riƙe shi. Duk da haka, LastPass da sashen Amazon mai kula da rumbunan intanet sun gyara shafukansu don hana duba rubutu a irin waɗannan gurabe.

A watan Afrilun 2024, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta binciki allunan rubuta Sinanci na kamfanoni 9, ta samu rauni a na 8 daga cikinsu, wanda zai ba mai leƙen hanyar sadarwa damar karanta abin da ake rubutawa yayin da yake kan hanyarsa ta zuwa rumbun kamfani.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci mugun nufi daga kamfanin. Kuskuren ma'aikaci ko raunin tsari ya wadatar, muddin rubutun ya riga ya bar hannun mai shi.

4.0 Rubutun Hausa a Gaban Manhajar

Mai rubutun Ingilishi yana iya cewa ya ba da sirri ya karɓi gyara. Mai rubutun Hausa ba ya samun ko wannan ciniki yadda ya kamata, saboda dalilai na harshe.

Na farko, mafi yawan kurakuran rubutun Hausa ba irin waɗanda jerin kalmomi yake kamawa ba ne. Wanda ya rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", ko "baki" a maimakon "baƙi", ko "kafa" a maimakon "ƙafa", ko "gaba" a maimakon "gaɓa", ya rubuta kalmar Hausa ingantacciya a wurin da ba nata ba, kuma manhaja za ta bar ta ta wuce. Haka matsalar rabawa da haɗewa take: "ya na" da "gidan sa" kuskure ne a daidaitacciyar Hausa, amma kowane ɓangare nasu kalma ce mai zaman kanta.

Na biyu, manhajar da aka saita a kan Ingilishi tana ɗaukar kusan kowace kalmar Hausa a matsayin kuskure. Ko an samu jerin kalmomin daidaitacciyar Hausa, karin harshen yamma zai sha jan layi. Mai nazarin Zamfarci da ya rubuta "munka tahi" ko "hwara" ko "biyat" ko "shina" kamar yadda ya ji daga bakin mai magana, zai ga manhaja tana neman mayar da su wani abu dabam. Idan gyara kai-tsaye yana kunne, sai ta sauya su ba tare da ya lura ba, bayanan bincike su gurɓata.

Daga nan ne wata ɗabi'a take tasowa wadda ba a cika kula da ita ba. Don gudun jan layi, marubuci yakan latsa umurnin ƙara kalma a ƙamusunsa na kansa. Kalmomin da suka fi shiga wannan ƙamus su ne waɗanda ba su cikin kowane jeri: sunayen mutane, laƙabobi, sunayen ƙauyuka da unguwanni. Chrome da Microsoft Office duka suna iya haɗa wannan ƙamus da asusun mai na'ura, yadda zai bi shi zuwa duk na'urar da ya shiga da asusun. Allon waya kuwa ba ya jiran umurni, da kansa yake koyon kalmar da aka maimaita. Ta haka ƙamusun da aka tara don sauƙin rubutu yake zama jerin sunayen waɗanda mai bincike ya yi hulɗa da su, kuma yana nan ko bayan an goge takardar asali.

Wata kafar ita ce neman haruffa masu lanƙwasa. Buƙatar ɓ da ɗ da ƙ takan sa ɗalibi ya sauke kowane allon madannai da ya ga an rubuta masa sunan Hausa, ko ya karɓa daga wayar aboki ta Xender, ba tare da sanin wanda ya ƙirƙire shi ba.

5.0 Abin da Yake Cikin Haɗari a Yankin Morai

Yankin Morai da kewayensa, wato ƙananan hukumomin Talatar Mafara da Bakura da Maradun, fage ne mai albarka ga nazarin Hausa. Daga ƙasar Bakura Musa Ɗanƙwairo ya fito, Sa'idu Faru kuma daga ƙasar Maradun. Madatsar ruwa ta Bakolori, da rikicin manoman da aka ƙwace wa gonaki wanda ya kai ga zubar da jini a 1980, har yanzu suna cikin tarihin baka na mutanen yankin. A Talatar Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, a Bakura kuma akwai kwalejin aikin gona. Ɗalibai daga Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato su ma suna shiga yankin neman bayanai.

Sai dai yankin yana cikin waɗanda ta'addancin 'yan bindiga ya fi shafa. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. A watan Agustan shekarar aka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 daga makarantar Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. A 2022 gwamnatin jihar ta sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu kai musu rahoto.

A irin wannan yanayi, maganar da manomi ya faɗa wa mai bincike tana da kaifi biyu. Wanda ya bayyana yadda ƙauyensu yake biyan kuɗin noma ga 'yan bindiga, ko ya ambaci laƙabin wani jagoransu yayin da ake nazarin sababbin kalmomin rashin tsaro, yana iya fuskantar ramuwa daga daji idan maganar ta fita. Yana kuma iya fuskantar zargin zama infoma daga cikin gari. Ga shi kuma al'adar binciken Hausa ita ce a kawo jerin waɗanda aka yi hira da su a ƙarshen kundi, da suna da shekaru da sana'a da gari da ranar hira. Yawanci wannan jeri da rubutacciyar hirar a fayil ɗaya suke zama tun daga daftarin farko, kuma shi ne fayil ɗin da ake liƙawa a shafin gyara Ingilishin tsakure.

Ba a cewa ɗan bindiga zai kutsa rumbun Google. Hanyoyin da suka fi kusa su ne na yau da kullum. Wayar da aka ƙwace a hanya, allonta zai hasaso sunan mutum da na ƙauyensa da zarar an latsa haruffa biyu na farko. Kwamfutar shagon buga takardu, inda ɗalibai da yawa suke kai kundayensu, tana riƙe ƙamus da kwafin fayil bayan mai aiki ya tafi, kuma wanda ya shiga asusunsa a can ya manta bai fita ba ya bar ƙofa a buɗe. Asusun da aka sace ta hanyar yaudarar lambar tabbatarwa yana tafiya da duk takardun da aka adana a cikinsa. Tura rubutu zuwa rumbun kamfani yana ƙara yawan wuraren da kwafi yake zaune ne, kuma kowane ƙarin wuri ƙarin kafa ne.

Akwai kuma darasi a rufe layukan sadarwa da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta umurta a jihar Zamfara daga ranar 3 ga Satumbar 2021, wanda ya ɗauki makonni da dama. A tsawon lokacin, duk manhajar da ta dogara da intanet ta daina aiki a yankin, mai aiki a cikin na'ura kuwa ba abin da ya same ta.

6.0 Matsayin Doka

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Dokar ta ware wasu bayanai a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman, kamar na lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa, kuma hirarrakin nazarin al'ada da magungunan gargajiya cike suke da irinsu. Sassa na 41 zuwa 43 sun gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutum zuwa wata ƙasa. Dokar ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan.

Mai binciken da ya liƙa hira mai ɗauke da suna a manhajar da rumbunta yake ƙetare ya fitar da bayanan wani zuwa wata ƙasa, ko ya sani ko bai sani ba. Yardar da ya karɓa a ƙauye ta amfani da magana a kundin digiri ce, ba ta haɗa da miƙa ta ga kamfani ba. Can ma wata doka ce take iko da bayanan: dokar CLOUD ta Amurka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a ina aka adana su. Kafin a kai ga doka ma, magana ce ta amana tsakanin mai tambaya da wanda ya buɗe masa cikinsa.

7.0 Matakan Kariya

Mataki na farko shi ne raba suna da magana tun daga ranar hira. A ba kowane mai bayani lamba, a rubuta hirar da lambar, a ajiye jerin sunayen a littafin hannu ko a fayil mai kulle wanda ba ya hawa intanet. Idan batun ya shafi tsaro, ya kamata sassan Hausa su amince ɗalibi ya sakaya suna da ƙauye a kundin da zai shiga ɗakin karatu, mai duba aiki kaɗai ya ga jerin na asali.

Na biyu shi ne duba saitin na'ura. A Chrome a zaɓi duba rubutu na asali, a Edge a kashe Microsoft Editor lokacin aiki da bayanan hira, a cire duk manhajar gyara rubutu da aka liƙa wa burauza in ba a buƙatarta. A waya a kashe adana kalmomin da allo ya koya a asusu, a riƙa goge su bayan dawowa daga fagen bincike. Haruffa masu lanƙwasa suna samuwa a Gboard idan aka zaɓi Hausa, don haka babu dalilin sauke allon da ba a san asalinsa ba.

Na uku, idan dole ne a gyara Ingilishin tsakure ko maƙala da manhajar intanet, a kwafi sakin layin da ake so kaɗai bayan an cire sunaye, kada a ɗora fayil ɗin gaba ɗaya. Wannan ya shafi manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira, domin su ma tura rubutu suke yi. Kamfanin Samsung da kansa ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da ChatGPT a 2023 bayan wasu sun liƙa bayanan sirrin kamfanin a ciki.

Na huɗu ya rataya ne a wuyan cibiyoyi. Tsarin Hunspell a buɗe yake ga kowa, kuma abin da yake buƙata masana Hausa sun riga sun tanada. Akwai ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Dokokin ɗafi kamar na nasaba da mallaka, da azuzuwan aikatau 7 da F. W. Parsons ya tsara a 1960, abubuwa ne da ake koyarwa a kowane sashe. Idan sassan Hausa suka haɗa hannu da sassan kimiyyar kwamfuta, tare da izinin masu haƙƙin ƙamusoshin, za a iya samar da jerin daidaitacciyar Hausa, da wani na dabam na Sakkwatanci da Zamfarci, waɗanda za su yi aiki ba tare da intanet ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bambancin da ya fi muhimmanci tsakanin manhajojin duba rubutu shi ne wurin da suke karanta rubutun, a cikin na'ura ko a rumbun kamfani. Abubuwan da suka faru da SwiftKey da ai.type da Grammarly da Chrome da Edge sun tabbatar da cewa rubutun da ya fita yana iya ɓacewa daga ikon mai shi. Ga mai nazarin Hausa, gyaran da yake samu bai kai haɗarin ba, musamman idan bayanansa daga yanki irin Morai suka fito, inda mai ba da bayani yake zaune tsakanin tsoron daji da zargin gari. Ya dace kwamitocin da suke amincewa da batun bincike a sassan Hausa su riƙa tambayar ɗalibi da wace manhaja zai rubuta hirarrakinsa da kuma inda zai ajiye sunayen mutanensa, kamar yadda suke tambayar sa ra'in da zai ɗora aikinsa a kai.